Motocin da Su Ke Durƙusawa

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samarin Los Anjalas 'yan asalin Meksiko suka ƙago wata al'ada. Yaro ya sayi tsohuwar Chevrolet, ya rage sifirin, ya loda mata buhunan yashi har cikinta ya kusa shafar ƙasa, ya yi mata fenti, ya riƙa tafiya sannu kamar mai hawan salla.

A 1958 hukumar Kalifoniya ta hana jikin mota ya sauko ƙasa da ƙarfen taya. To, a 1959 wani Ron Aguirre ya sa wa tasa famfon mai irin na jirgin sama. In an hango 'yan sanda sai a taɓa maɓalli, mota ta miƙe. Sun wuce, ta durƙusa. Dokar ba ta faɗi ba sai 2024.