Daga Rangadin Likita Zuwa Jadawalin Lissafi: Waiwaye Daga Ƙasar Dingyaɗi

A cikin wannan ƙasida za mu duba wata tsohuwar matsala, wato yadda ake raba lokacin likitoci 'yan kaɗan a tsakanin marasa lafiya masu ɗimbin yawa. Mun ɗauki Dingyaɗi, da ke kudu da birnin Sakkwato, a matsayin misali.

Ma'aikatar likitocin Afirka ta Yamma da Ingila ta kafa a 1902, shekara guda kafin cin Sakkwato, an yi ta ne da farko domin jami'an Turawa da sojoji. Saboda haka mazaunin likita shi ne bariki. Talakan ƙauye sai dai ɗakin shan magani na En'e, inda malamin asibiti ke wanke gyambo, likita kuwa sai in ya fito rangadi. Rangadin nan ma jadawali ne, ko da yake ba a kira shi haka ba: akan yi la'akari da rani da damina, da halin hanya, da kuma, in an ga dama, ranar da jama'a ke taruwa.

Shi kuwa lissafin neman tsari mafi dacewa, daga baya ya zo. Leonid Kantorovich ya aza harsashinsa a Rasha a 1939, George Dantzig ya fito da hanyar warware shi a Amurka a 1947, sannan a 1955 Harold Kuhn ya nuna yadda za a haɗa ma'aikata da ayyuka bisa mafi ƙarancin asara. Yadda abin yake shi ne, a zayyana sharuɗɗa: likitan ƙashi ba zai kasance a ɗakin tiyata da ɗakin duba marasa lafiya a sa'a guda ba, wanda ya kwana aiki dole ya huta. Daga nan a faɗa wa kwamfuta abin da ake son ragewa, ita kuma ta zaƙulo jadawalin da ya fi cika burin.

To, a nan gizo ke saƙar. Me ake son ragewa, kuma lokacin wa ake ƙirgawa? Tun da aka kafa Jami'ar Sakkwato a 1975, daga bisani kuma asibitin koyarwarta, ƙwararru sun ƙaru, amma a birni suka taru. Idan gajiyar likita kaɗai aka sa a ma'auni, jadawalin zai yi kyau a takarda, alhali mutumin Dingyaɗi ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa a tsakiyar noman farko, ya iso aka ce likitan ido sai mako mai zuwa. A ganinmu wannan tsarin bariki ne aka sake wa riga. Lissafin da kansa yana iya ɗaukar nisan Boɗinga da Shagari, da lokacin fitowar motar kasuwa, da watan azumi, muddin masu tsarawa sun rubuta su cikin sharuɗɗan.