Daga Masana'antar Ƙarfe Zuwa Ɗakin Awo

Aikina ɗaukar hoton ciki ne, sikanin kamar yadda mata ke kiransa, kuma tambayoyin da ake kawo mini ba sa wuce biyu: "Sista, mace ce ko namiji?" sai kuma "Yaushe watan haihuwa?" Ban ga laifin kowa ba. Sai dai ita wannan na'ura ba don ganin jariri aka ƙirƙiro ta ba. Ƙari aka fito nema, jaririn daga baya ya shigo.

A garin Glasgow na ƙasar Sikotland abin ya faro, garin da a lokacin sana'arsa ƙera jiragen ruwa. Masu walda a can suna da wata na'ura da ke harba sauti mai ƙarfin da kunne ba ya ji cikin ƙarfe, idan akwai tsaga a ciki sai amsa-kuwwar ta dawo da wuri, a gani a allo. A shekarar 1954 aka naɗa Ian Donald farfesan ilimin haihuwa a jami'ar garin. Ya yi aikin likita a rundunar sojan sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ga yadda ake gano jirgi da amsa-kuwwa. Ranar 21 ga Yulin 1955 ya loda ƙarin da aka ciro daga cikin mata a tiyata, na mahaifa da na ma'ajiyar ƙwai, ya nufi masana'antar Babcock & Wilcox da ke Renfrew, inda ake ƙera manyan tukwanen tururi. Aka ɗora na'urar masu walda a kan kowanne, aka haɗa da tsokar naman sa don gwadawa. Ƙari mai tauri ya ba da nasa zane, mai ruwa ya ba da nasa daban.

A 1956 wani saurayin injiniya na kamfanin Kelvin & Hughes, Tom Brown, ya ji labari ya buga wa farfesa waya. Shi ya ƙera na'urar da ke zana hoto ba layuka kawai ba, kuma a ganina ba a ba shi yabon da ya kamata. Na ukunsu matashin likita ne, John MacVicar. Da man zaitun suke shafe cikin mace kafin su ɗora na'urar, ba wannan farin man mai sanyi da muke matsowa yau ba. Abokan aiki dariya suka riƙa yi musu, har aka kawo wata mata da aka yanke cewa ciwon daji ne ya ci cikinta, babu abin yi. Na'ura ta nuna jakar ruwa ce ƙatuwa a ma'ajiyar ƙwai. Aka yi mata aiki, ta tashi. Ranar 7 ga Yunin 1958 mujallar Lancet ta buga rahotonsu, kuma kan maganarsa kumburin ciki ne, ba goyon ciki ba.

Lokacin ya yi daidai. A 1956 Alice Stewart ta Oxford ta nuna cewa yaran da aka yi wa uwayensu hoton ƙashi suna da juna biyu sun fi kamuwa da ciwon daji. Ga shi hoton ƙashi ba ya nuna tsoka sosai. Likitoci na neman ido da ba zai cuci tayi ba, sai aka juya na'urar ga masu ciki, aka fara ganin kan jariri.

Amma daga ganin kan jariri zuwa ganin ƙari a jikinsa tafiya ce mai nisa. Hotunan farko baƙi da fari ne zalla, babu tsaka-tsaki. Kamfanin Siemens ya fito da na'urar Vidoson mai nuna motsi a 1965. George Kossoff da abokansa a Sidni ta Ostireliya suka kawo hoto mai inuwa-inuwa a farkon shekarun 1970, wanda da shi ne ake bambance hanta da ƙoda da abin da bai kamata ya kasance a wurin ba. A 1972 Stuart Campbell ya gano tayin da ba shi da ƙoƙon kai tun cikin yana mako 17. Daga nan ƙofa ta buɗe.

Ƙarin da aka fi haihuwar jarirai da shi shi ne teratoma na ƙarshen gadon baya, wanda ke tsirowa daga ɗan ƙashin nan da muke zama a kansa. Ana samunsa a kusan haihuwa ɗaya cikin 35,000 zuwa 40,000, kuma 'ya'ya mata sun ninka maza sau uku zuwa huɗu. A cikinsa ana iya tarar da gashi, da guringuntsi, da ƙashi, domin daga ƙwayoyin da ke iya zama kowane sashe na jiki ya fito. Wani yakan kai girman kan jaririn, wani ya wuce. Kafin zuwan sikanin, a kan gadon naƙuda ake saninsa: kai ya fito, kafaɗu su fito, sannan jariri ya maƙale kamar akuyar da ta sa kai a tulu. Ungozoma ta ja, ƙari ya fashe, jini ya ƙare wa yaron cikin mintuna. A 1974 likita Peter Altman da abokansa suka tattara bayanin yara 405 a Amurka suka raba ƙarin gida huɗu, daga wanda kusan duk yake waje zuwa wanda ya ɓuya gaba ɗaya cikin ƙugu. Har yau da wannan rabon muke rubuta rahoto, ko da yake a kan yaran da aka riga aka haifa aka gina shi.

Da aka fara ganinsa tun a ciki sai aka gane wani abin da likitocin yara ba su taɓa sani ba, don waɗanda abin ya shafa ba sa isowa hannunsu. Ƙari mai tauri, mai jijiyoyi da yawa, satar jinin tayi yake yi. Zuciya ta yi ta bugu har ta gaji, ruwa ya taru a ƙirji da ciki da ƙarƙashin fata, mabiyiya ta kumbura. Wani lokaci ita ma uwar ta kumbura, jininta ya hau. Shi ya sa idan na ga irin wannan ba girmansa kaɗai nake aunawa ba. Ina duba ruwa ne a ciki ko tsoka, ina kunna launi in ga gudun jini, ina auna zuciya, in ce a dawo bayan mako ɗaya ko biyu.

Gani ya jawo ƙoƙarin magani. Michael Harrison a San Faransisko ya fara buɗe mahaifa a yi wa tayi aiki a mayar da shi a 1981, kuma a 1997 Scott Adzick da jama'arsa suka ba da rahoton jaririyar da aka yanke wa irin wannan ƙari tun tana ciki ta rayu. Ga masu ƙari a wuya ko a baki, wanda zai toshe maƙogwaro, an ɓullo da wata dabara a shekarun 1990: a fito da kai da kafaɗu ta tiyata, a bar cibiya a haɗe tana ba shi iska, a sa masa bututun numfashi, sannan a yanke. Hoton MRI na mai ciki, wanda aka fara a Aberdeen a 1983, shi ke nuna iyakar zurfin ƙarin, musamman inda ƙashin ƙugu ya tare wa sauti hanya.

Waɗannan labarai ne masu daɗin ji, amma ni ban ɗauke su babbar ribar wannan tarihi ba. Yara ƙalilan ne a duniya aka yanke wa ƙari tun suna cikin mahaifa. Waɗanda suka tsira saboda an san abin da ke tafe, aka hana uwa haihuwa a gida, aka shirya tiyata a asibitin koyarwa mai likitan fiɗar yara da jini a ajiye, sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Galibin ƙarin na ƙarshen gadon baya ba daji ba ne ranar haihuwa, amma idan aka bar shi watanni yana iya rikiɗa, kuma dole a cire shi tare da ɗan ƙashin da ya tsiro a kai, in ba haka ba ya dawo.

Matsalarmu a nan ta lokaci ce da ta hannu. Sikanin da ake bin jikin tayi gaɓa-gaɓa tsakanin mako 18 da 22 ake yinsa, mu kuwa mata da yawa sai wata na takwas suke zuwa, lokacin da jariri ya cika wuri, ya duƙunƙune. Shagunan hoto kuma sun yi yawa, wasu minti uku sun sallami mace: an auna kai, an auna cinya, an faɗi mace ko namiji. Idan ina koya wa ɗalibai, nakan riƙe hannunsu a kan na'urar in sa su bi gadon baya ƙashi bayan ƙashi, daga wuya har ƙarshensa, kuma ba na barin su ɗaga sai sun nuna mini fatar da ta rufe wurin.