Laburaren Jami'ar Cornell da Rumbun arXiv, 1991 zuwa 2019

Dā can buga mujallun bincike aikin ƙungiyoyin masana ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai 'yan kasuwa suka gane akwai riba a ciki, suka shigo. Ciniki ne kuwa mai ban mamaki: malami ya yi bincike da albashin jami'a, ya ba da rubutunsa kyauta, 'yan'uwansa malamai su duba masa kyauta, sa'an nan laburaren jami'arsa ya biya kuɗi mai yawa kowace shekara kafin ɗalibansa su karanta. Cikin 1991 kamfanin Elsevier ya sayi Pergamon, kamfanin Robert Maxwell, a kan fam miliyan 440. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman kasuwar.

To, a cikin wannan shekara, watan Agusta, wani masanin fiziya mai suna Paul Ginsparg, ma'aikaci a cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, ya ɓullo da wata dabara. Dama masana fanninsa sun saba aika wa juna kofen takardunsu ta gidan waya kafin mujalla ta buga, amma fa wanda ya ke babbar jami'a shi ke samu da wuri, na nesa sai ya yi ta jira wata da watanni. Ginsparg ya shirya kwamfutar ofishinsa ta riƙa karɓar takardun, duk mai so ya ɗauka, ba ko kwabo. Zatonsa takarda wajen 100 za a riƙa kawowa a shekara. Kafin a ce me, masana lissafi da na taurari sun biyo baya. Daga baya aka raɗa wa rumbun suna arXiv. A nan ne Grigori Perelman, mutumin Rasha, ya ajiye takardu uku cikin 2002 da 2003 waɗanda suka warware matsalar Poincaré, bai kuwa kai su wata mujalla ba.

Cikin 2001 Ginsparg ya koma Jami'ar Cornell, inda ya yi digirinsa na dakta, ya tafi da rumbun, laburaren jami'ar ya karɓi riƙonsa. Nan ne abin lura ga mai tarihi. Laburare, wanda aikinsa dā saye da ajiya ne, ya zama shi ne mai watsa sabon ilmi ga duniya. Ba Cornell kaɗai ba: laburaren Stanford ya kafa HighWire tun 1995, na MIT kuma ya fito da manhajar DSpace cikin 2002, wadda jami'o'i da yawa, har da na Afirka, suka gina rumbunansu da ita.

Amma kyauta ga mai karatu ba kyauta ba ce ga mai riƙo. Akwai albashin ma'aikata, da injuna, da aikin tace abin da a ke kawowa kullum. Zuwa 2010 kuɗin tafiyar da arXiv ya kai wajen dala 400,000 a shekara, nauyin kuwa yana kan laburare guda, alhali masu amfana suna ko'ina cikin duniya. Cikin watan Janairu na wannan shekara laburaren ya nemi hukumomi 200 waɗanda suka fi kowa ɗaukar takardu su ba da gudummawa, tsakanin dala 2,300 da 4,000 kowace. Bai ce zai rufe wa wanda ya ƙi ƙofa ba, kuma bai aza wa marubuci kuɗi ba. Wannan shi ne hukuncin da ya fi muhimmanci cikin tarihin rumbun, gama da an sa wa marubuci haraji, da malaman ƙasashe matalauta su ne farkon waɗanda za a bari a waje. Cikin 2012 Gidauniyar Simons ta shigo da nata taimako, aka tsara ƙungiyar jami'o'i masu biya kowace shekara.

Takardun rumbun sun cika miliyan ɗaya a ƙarshen 2014. Aikin ya yi ta girma har ya fi ƙarfin ofis ɗaya na laburare. Cikin watan Janairu 2019 Cornell ta mayar da shi hannun sashenta na ilmin kwamfuta, bayan laburaren ya riƙe shi shekara 17 da ɗoriya.