Tarihin Gyaran Murɗaɗɗiyar Ƙafa: Daga Wuƙar Tiyata Zuwa Tafin Hannu

Ya kai mai karatu, a cikin kowane jarirai dubu da ake haifa, akan sami kamar ɗaya da ke zuwa duniya da ƙafa a murɗe, tafinta na kallon ciki. Maza sun fi mata yawa a ciki, kuma kusan rabinsu ƙafafun biyu ne ke shafuwa. Aikina haɗa magunguna ne a asibiti, don haka bari in faɗa maka tun farko cewa babu ƙwaya ko allurar da ke miƙar da irin wannan ƙafa. Maganinta yana da tarihi mai tsawo.

Kimanin shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), likitan Girka Hippocrates ya rubuta cewa a riƙa lanƙwasa ƙafar jariri a hankali, a ɗaure ta da ƙyalle. Waɗanda suka biyo bayansa suka koma ga ƙarfi, suka ƙera na'urorin da ke murɗe ƙafa da tsiya. A 1831 wani likitan Jamus, Stromeyer, ya fara yanke jijiyar agara ta ɗan ƙaramin rami a fata. Shi ne ya yi wa William Little, likita ɗan Ingila mai nakasar ƙafa, aiki a 1836, Little kuma ya kai dabarar birnin Landan. Da aka sami maganin sa barci, sai manyan tiyatoci suka yawaita. Ƙafa takan miƙe a ido, amma idan yaro ya girma sai ta sandare, ta riƙa ciwo.

Wannan ne ya dami Ignacio Ponseti, ɗan ƙasar Sifaniya da aka haifa a 1914, wanda yaƙin basasa ya raba da gida har ya sauka a Jami'ar Iowa ta Amurka a 1941. Ya nazarci ƙasusuwan jarirai, ya gane cewa jijiyoyinsu suna da laushin da za su bi hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hanyarsa ita ce a lanƙwasa ƙafar kaɗan, a sa filasta daga yatsu zuwa cinya, a canza duk mako, sau biyar zuwa takwas. Yawancin yara sai an ɗan yanke musu agara, a sake filasta na mako uku. Daga nan yaro ya sa takalma biyu da sandar ƙarfe ta haɗa, dare da rana na wata uku, sannan lokacin barci kawai har ya kai shekara huɗu ko biyar.

Ya wallafa sakamakonsa a 1963, amma likitoci suka kau da kai fiye da shekara talatin. Sai bayan littafinsa na 1996, da iyaye suka riƙa ba juna labari ta intanet, duniya ta waiwayo. A 1999 likitoci Shafique Pirani da Norgrove Penny suka fara koyar da hanyar ga ma'aikatan lafiya a Yuganda, inda Michiel Steenbeek ya tsara takalmin da masu sana'a na gida za su iya ƙerawa da araha. Nan aka tabbatar cewa ƙasa mai ƙarancin likitocin tiyata za ta iya wannan aiki. Ƙungiyoyi irin su MiracleFeet, da aka kafa a 2010, suka shiga tara gudummawa domin ɗaukar nauyin yara. Ponseti ya rasu a 2009, ana kuma tuna wannan lalura kowace 3 ga Yuni, ranar haihuwarsa.

Yau fiye da yara tara cikin goma suna warkewa idan an bi ƙa'ida. Inda ake tuntuɓe shi ne takalmin: kuɗin mota ya gagara, ko yaro ya yi kuka a tausaya a cire masa, sai ƙafa ta koma gidan jiya. Saboda haka idan Allah Ya hore maka, ka sani cewa kuɗin motar uwa zuwa asibiti da takalmin da za a sauya wa yaro yayin da yake girma suna cikin maganin. Idan kuma jaririn a gidanka yake, kada ka kai shi wurin maɗori, domin ba karaya ba ce. Ka nufi asibitin ƙashi, irin na Dala da ke Kano, tun cikin makonnin farko. Allah Ya ba yaranmu lafiya.