Sallar 'Yan Kolofata, a Gida da Waje

Tun da layin dogo ya isa Ngaundere a 1974, ɗan Kolofata ta arewacin Kamaru mai zama a Yawunde ya samu hanyar zuwa gida Sallah: jirgin ƙasa dare guda, sai mota ta bi Garwa da Marwa da Mora. Ma'aikata da 'yan kasuwa kan iso da atamfa da shadda, a sauko Idi a bi gidajen dattawa gaisuwa, a tsallaka Kerawa ko Banki wurin dangin da iyaka ta bar su a Najeriya.

Ranar 27 ga Yuli 2014, a jajibirin ƙaramar Sallah, 'yan Boko Haram suka far wa Kolofata. Iyalan Amadou Ali, mataimakin firaminista a lokacin, sun zo gida bikin ke nan. Aka kashe mutane, aka tafi da matarsa da lamiɗon garin, ba a sako su ba sai watan Oktoba.

Daga nan al'adar ta sauya. Da yawa suka koma yin Sallarsu a Briketeri, unguwar Hausawan Yawunde, ko New Bell ta Duwala. Rago kuwa bai yanke ba: a tura kuɗinsa ta waya, tsohuwa a gida ta samu nama, a yi barka da Sallah ta WhatsApp. Gaisuwar waya dai ba ta kai durƙuso gaban uba ba.

A sansanin 'yan gudun hijira na Minawao kusa da Mokolo kuwa, wanda aka buɗe a 2013, 'yan Gwoza da Banki da Boko Haram ta koro daga Najeriya ne ke Idi a ƙasar wasu.