Sa'ar Addu'a a Ƙasar Mafara

Wata rana a ajin masu shirin baftisma, bayan na gama bayani a kan addu'ar safe, wani saurayi ya ɗaga hannu ya ce, "Baba Fasto, in muka yanka wa addu'a lokaci, ashe ba kwaikwayon maƙwabtanmu muke yi ba? Ai mu Almasihu ya 'yantar da mu daga shari'a." Ban ga laifinsa ba. Yaron da ya tashi a Talata Mafara, ko Bakura, ko Maradun, tun bai iya ƙirge ba yake jin kiran salla sau biyar a yini, yana ganin mai shago ya rufe ƙofa, direba ya tsaya a gefen hanya da butarsa. Dole ya ɗauka cewa tsayar da lokaci domin Allah kayan gidan wasu ne. Amsar da na ba shi a ranar gajeriya ce. Doguwar amsar tana cikin tarihi, ita ce kuma nake so in shimfiɗa a nan.

Mu fara da Daniyel, baƙo a ƙasar da ba tasa ba, ma'aikacin gwamnatin da ba ta san Allahnsa ba. Sarki Dariyus ya sa hannu a dokar da ta hana roƙon kowa sai shi har kwana 30. Akan yi wa'azi a kan ramin zakoki, ana mantawa da abin da marubucin ya nuna a sura 6 aya 10: durƙuson da Daniyel ya yi sau uku a wannan yini abin da ya saba yi ne tun kafin dokar. Bai ƙara kome ba domin ya nuna jarumtaka, bai kuma rage ba domin tsoro. Maƙiyansa ma da wannan sabo suka kama shi, gama sun san sa'ar da za su same shi a gaban taga. Mai Zabura shi ma ya ambaci maraice da safe da tsakar rana (Zabura 55:17). Ubangijinmu Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa (Markus 1:35), Luka kuma ya shaida cewa fitarsa zuwa Dutsen Zaitun a daren da aka bashe shi bisa ga al'adarsa ce. Bayan saukowar Ruhu Mai Tsarki, lokacin da wani zai zaci an daina duban rana, sai ga Bitrus da Yahaya suna hawa Haikali da ƙarfe uku na yamma domin sa'ar addu'a ce, ga Bitrus kuma a kan soro a Yafa da tsakar rana.

Ikkilisiyar farko ta riƙe wannan. Akwai wani ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, wanda aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na ɗaya ko farkon na biyu, ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku kowace rana. A nan Afirka, a birnin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, Tartuliyan ya yi rubutu wajen shekara ta 200 yana ƙarfafa addu'a da hantsi, da tsakar rana, da ƙarfe uku na yamma, ban da ta wayewar gari da ta shigar dare. Duk wanda ya ƙirga zai sami biyar. Bishop Sifiriyan na wannan birni ya koyar da haka shi ma, an kuwa sare kansa saboda bangaskiya a shekara ta 258. Mutanen da ake farauta ne suka tsara waɗannan sa'o'i, suna taruwa a gidaje, ba su da tabbacin ganin gobe. Saboda haka na ce wa saurayin nan, abin da kake gani a wurin maƙwabcinka ya kamata ya tuna maka da gadon gidanku wanda ka bari ƙura ta rufe.

Gargaɗin Ubangiji a Matiyu 6 yana nan daram: kada a yi addu'a domin idon mutane. Amma wanda ya ce mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa ya ɗauka cewa akwai lokacin da za mu shiga ɗakin.

To, yaya wannan gado ya iso bakin Gulbin Sakkwato? Ya zo a hankali ƙwarai, ta hanyar da ita kanta darasi ce. A ranar 4 ga Disamba, 1893, samari uku suka sauka Legas da niyyar shigowa ƙasar Hausa da maƙwabtanta: Walter Gowans, Thomas Kent, da Rowland Bingham. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida; daga baya Bingham ya koma gida da zazzaɓi a jiki. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya sake mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha ta farko a Patigi, nesa da nan. Mishan ɗin da ya fito daga wannan wahala, wato SIM, ya ɗauki kalmomi kaɗan su zama takensa, ma'anarsu kuwa ita ce "ta wurin addu'a". Ba su da wani abin da za su yi taƙama da shi a lokacin sai kaburbura biyu.

Ko bayan da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, ƙofa ba ta buɗe ba. Lugga ya yi wa sarakuna alkawari cewa ba za a taɓa addininsu ba, gwamnatin mulkin mallaka kuwa ta tsare masu bishara daga yawancin masarautu shekaru da dama. A cikin wannan jira aka yi ta aikin fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, wanda Likita Mila na Zariya yake cikin manyan waɗanda suka yi wahalarsa. Ƙofar lardin Sakkwato ta buɗe wa SIM sosai ne wajen ƙarshen shekarun 1930, ta inda ba wanda yake ƙyashi, wato jinyar kutare, a Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda aka yi a Babbar Ruga ta Katsina. Daga saukar samarin nan uku zuwa wannan lokaci, shekara 40 ne da 'yan kai. Wanda ya fara roƙo yana saurayi ya yi furfura kafin ya ga amsa, waɗansu kuma ba su gani ba sam. Zafin zuciya na mako guda ba ya kai mutum shekara 40. Abin da ke kai shi shi ne sa'ar da ya keɓe, yana komowa gare ta ko yana jin daɗi ko ba ya ji.

Ta wata hanyar kuma, jirgin ƙasa da ya kai Ƙauran Namoda a 1929 ya kawo ma'aikata da 'yan kasuwa masu bi zuwa Gusau da kewaye. A namu yankin, babban abin da ya tara baƙi shi ne madatsar Bakalori, wadda aka fara ginawa a 1974 aka gama a 1978, ruwanta yana ratsa gonakin Maradun da Mafara da Bakura. Dattawanmu da dama aikin nan ne ya kawo su, ko koyarwa, ko aikin asibiti. Da na zo ina ƙaramin fasto na tarar da sauransu, abin da na fi tunawa kuwa shi ne ƙararrawarsu: tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a reshen dalbejiya. Da ladan ya yi kiran asuba, ba a daɗewa sai a buga shi. Mata su fito da mayafi da fitilar ƙwai, a rera waƙa ɗaya, a karanta Zabura, a yi roƙo, kowa ya kama hanyar aikinsa kafin rana ta fito. Yawancinsu ba su taɓa jin sunan Tartuliyan ba. Wata tsohuwa daga Zumuntar Mata, wadda ba ta iya karatu ba, ta taɓa ce mini, "Ɗana, in maƙwabciyata ta tashi domin Allah ni ina kwance, da wane baki zan yi mata maganar Yesu?"

Dole in faɗi nawa laifi a nan. Na fito daga makarantar tauhidi da littattafai cike da akwati, ina ganin addu'ar safe ta tsofaffi ce, ni kuwa shirin wa'azina ya ishe ni zumunci da Allah. Na yi shekaru ina magana a kan Allah fiye da yadda nake magana da shi. Tsofaffin nan ba su taɓa tsawata mini ba. Sun dai ci gaba da buga ƙarfensu a ƙarƙashin tagata har kunya ta fito da ni.

Shekarun da suka biyo baya sun gwada kowa. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996. A watan Oktoba na 1999 Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a Janairun 2000, waɗansu masu bi suka tattara kaya suka koma garuruwansu saboda fargaba. A watan Agusta na 2016, bayan an zargi wani ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da saɓo, aka cinna wa gidan mutumin da ya taimake shi wuta a Talata Mafara, mutum 8 suka mutu, aka sa dokar hana fita. Wani abu da ban gaji da lura da shi ba: gwamnoni uku na jihar nan daga garuruwan nan namu uku suka fito, Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Umarnin Bulus ga Timoti cewa a yi roƙo domin masu mulki, a wurinmu magana ce a kan mutanen da muka san unguwarsu. Roƙo domin mai mulkin da kake jin tsoron hukuncinsa ba ya fitowa daga baki farat ɗaya. Inda aka saba ambaton hukuma kowace safiya, a can aka iya ci gaba da ambatonta ba tare da ɗaci ba.

Sai shekarar 2021. A ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe, aka sako 279 a ranar 2 ga Maris. A watan Agusta suka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumba suka ɗauki ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun. Kwana biyu bayan haka aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, aka rufe kasuwannin mako, tafiyar dare ta gagara. Yaran nan 'ya'yan maƙwabtanmu ne, mun kuwa roƙi Allah dominsu kamar namu, gama Irmiya ya riga ya gaya wa bayin da ke Babila cewa lafiyarsu tana ɗaure da lafiyar birnin da suke zaune (Irmiya 29:7).

A waɗannan makonni ne na ga abin da tarihin nan yake nufi. Kafin lokacin, da yawa daga cikinmu sun mai da addu'arsu cikin waya: saƙon safe daga wani mai wa'azi na nesa, "amin" da ake turawa a WhatsApp, da jiran babban taron kwanan addu'a na ƙarshen wata. Ban ce waɗannan mugunta ba ne. Amma rana ɗaya aka ɗauke su duka. Wani magidanci, mai ilimi, mai ba da zakka da aminci, ya zo ya zauna a zaurena ya ce, "Fasto, na durƙusa jiya, na rasa ta inda zan fara." Gidajen da suka saba tara yara bayan tuwon dare, a buɗe Littafi, a bi sunaye ɗaya ɗaya, su ba abin da ya canja musu sai tsawon jerin sunayen. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Manomin Bakalori ma ya san ruwan da yake ban-ruwa da shi a watan Maris tun damina aka tare shi.

Abin da na ba magidancin nan ba sabon abu ba ne, tsarin tsofaffin nan ne. Na ce ya zaɓi sa'a biyu da ba za su motsa ba, ɗaya kafin fitowar rana, ɗaya kafin barci, ya kuma bar kiran asuba ya zama mai tashe shi maimakon ya juya ya ja bargo. Ya fara da Zabura ɗaya da murya, domin ranar da bakinsa ya bushe Zabura za ta ba shi kalmomi. Ya bi da Addu'ar Ubangiji a hankali, yana tsayawa a kan kowane roƙo. Sa'an nan ya rubuta sunaye a takarda: iyalinsa, waɗanda ke daji a hannun 'yan bindiga, hakimi da gwamna, da mutum ɗaya wanda ba ya so ya ambata. Minti 15 ya isa a farko. Na kuma gaya masa cewa zai fāsa wata rana, in ya fāsa kada ya tsaya yin makoki a kai, ya komo washegari a kan sa'ar.

A makonnin da babu waya, addu'ar safe ta cika har waɗansu suna tsaye a bakin ƙofa. Da layi ya dawo, sai aka fara raguwa kaɗan kaɗan, kamar yadda na zata. Yau da asuba mu goma sha ɗaya ne, bakwai mata. Magidancin nan yana cikinmu, da takardarsa da ta tsufa a aljihu, an soke waɗansu sunaye an ƙara waɗansu. Saurayin da ya yi mini tambaya kuwa shi ke buga ƙarfen ranar Talata da Jumma'a, ko da yake ranar Jumma'ar da ta wuce sai da na aika a tashe shi.