Ɓera a Matsayin Majinyaci: Tarihin Binciken Lalacewar Jijiyoyi a Ciwon Sukari

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda masana suka mai da ɓera madubin duba wata cuta ta ɗan Adam, wato lalacewar jijiyoyi da ciwon sukari kan haddasa. Da yake kalmar jijiya a Hausa ta haɗa hanyar jini da agara da kuma zaren da ke kai saƙon ji zuwa ƙwaƙwalwa, ya kamata a sani tun da wuri cewa wannan ta ƙarshe muke nufi. Ita ce idan ta lalace majinyaci yakan ji tafin ƙafarsa na zogi kamar ya taka garwashi, musamman da dare, daga baya ƙafar ta mutu, ƙaya ta soke shi bai sani ba, gyambo ya kama, har ta kai ga yankewa.

A ƙarni na 19 likitocin Turai sun ɗauki al'amarin a juye. A 1849 Claude Bernard na Faransa ya soki wani gurbi a gindin ƙwaƙwalwar zomo, sai sukari ya bayyana a fitsarinsa. Wannan ya ƙarfafa zaton cewa ciwon jijiya ne ke haifar da ciwon sukari. Sai a 1864 Marchal de Calvi ya nuna cewa akasin haka ne: sukarin ne uwa, ciwon jijiyar ɗa. A 1889 Minkowski da von Mering suka cire wa kare fankiriyas, wato gaɓar nan da ke kwance bayan tumbi, karen ya kamu da ciwon sukari, a 1921 kuma Banting da Best suka tace insulin a Toranto ta Kanada. Abin lura shi ne insulin bai kawar da lalacewar jijiyoyi ba, sai ma ya ƙara bayyana ta, domin waɗanda a da sukan mutu cikin shekara ɗaya ko biyu sun sami tsawon ran da cutar ke bukata kafin ta ci ƙafafunsu.

Kare dabba ce mai tsadar riƙo, fiɗar fankiriyas kuma aiki ne mai wuya. Saboda haka ba ƙaramin sauƙi aka samu ba a 1943, lokacin da Dunn da Sheehan da McLetchie suka gano a Gilasgo cewa sinadarin aloksan yana kashe ƙwayoyin da ke yin insulin a jikin zomo. Bayan shekara 20, a 1963, Rakieten da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa sitireptozotosin, wanda kamfanin Upjohn na Amurka ya samo daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa yana neman maganin kashe ƙwayoyin cuta, shi ma yana yin wannan ɓarna. Daga nan allura guda ta isa ta mai da lafiyayyen ɓera mai ciwon sukari cikin 'yan kwanaki. Aka kuma dace da ɓerayen da ke gadon cutar, kamar ƙaramin ɓeran nan mai ƙiba da aka bayyana a ɗakin binciken Jackson a 1966, da babban ɓeran BB da ya ɓulla a Otawa a 1974.

Wanda ya fara auna jijiyar irin waɗannan ɓeraye da natsuwa shi ne Sven Eliasson, wanda ya nuna a 1964 cewa gudun saƙo a jijiyar cinyarsu ya ragu. A 1966 Gabbay da Merola da Field suka kawo dalili mai gamsarwa ƙwarai. Jijiya ba ta jiran izinin insulin kafin sukari ya shige ta, don haka in ya yi yawa a jini sai ya yi yawa a cikinta, wani sinadari mai suna aldos ridaktas ya juya rarar zuwa sobitol, shi kuwa sobitol ba ya fita da sauƙi, sai ya taru. Magani a bayyane yake ke nan: a toshe aldos ridaktas. Aka toshe shi, ɓeraye kuma suka amfana, gudun saƙonsu ya dawo kusan yadda yake.

A nan ne tarihin ya yi kwana. Da aka gwada sobinil a kan mutane a shekarun 1980, amfaninsa ya zo kaɗan, ga kuma ƙuraje da zazzaɓi da ya tayar wa wasu. Tolrestat ya shiga kasuwa a wasu ƙasashe, aka janye shi a shekarun 1990 saboda illar da ya yi wa hanta. Epalrestat ne ya tsira, Japan ta amince da shi a 1992, amma Amurka da Turai ba su karɓe shi ba. Haka labarin ya maimaitu da sinadarin raya jijiya wanda Rita Levi-Montalcini ta sami kyautar Nobel a kansa a 1986: ya kare jijiyoyin ɓera, amma babban gwajin da aka buga sakamakonsa a 2000 bai nuna ya fi allurar banza amfani ga mutane ba.

Me ya kawo haka? A ganina alamun sun daɗe a fili, ɗoki ne ya hana a kula da su. Tun a 1974 Sharma da Thomas na Landan suka duba jijiyoyin ɓerayen da madubin ƙara girma, ba su tarar da irin zagwanyewar da ake gani a jijiyar mutum ba. Ɓera shekara 2 zuwa 3 yake yi a duniya, yawancin gwaje-gwajen kuma na 'yan makonni ne, alhali mutum yakan yi shekaru da cutar kafin ƙafarsa ta mutu. Zaren jijiyar da ke tashi daga ƙugun mutum zuwa babban yatsansa ya kai kusan mita 1, kuma daga can ƙarshen cutar take farawa, na ɓera kuwa bai wuce 'yan santimita ba. Bugu da ƙari, akan fara ba ɓera magani ne tun ranar da aka sa masa cutar, wato rigakafi aka gwada, sa'an nan a kai maganin ga dattijon da jijiyarsa ta riga ta mutu a ce ya warkar. Ɓeran sitireptozotosin kuma kwaikwayon nau'i na 1 ne, mai rashin insulin, alhali kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon sukari nau'i na 2 gare su. Abin da ya tabbata ga mutane daga mutane aka samo shi: babban binciken nan na Amurka da Kanada a kan majinyata 1,441 masu nau'i na 1, wanda aka bayyana a 1993, ya nuna tsananta kula da sukarin jini yana rage aukuwar lalacewar jijiya da kusan kashi 60 cikin 100.

Batun zogi ya fi wannan sarƙaƙiya, domin ɓera ba ya magana. Masana sukan haska zafi a wutsiyarsa su ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya fizge, dabarar D'Amour da Smith ta 1941, ko su matsa tafinsa kamar yadda Randall da Selitto suka tsara a 1957, ko su tsikare shi da siraran zarurrukan von Frey. Da irin waɗannan ne Courteix da abokansa suka gabatar da ɓeran sitireptozotosin a 1993 a matsayin misalin zogi mai daɗewa. To amma fizge ƙafa amsa ce ga taɓi, majinyaci kuwa kukansa shi ne ƙunar da ke hana shi barci ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ɓeran da ya rame, yake yini yana fitsari, ta yiwu rashin lafiya ce kawai ta sauya halinsa. Piregabalin da duloksetin, waɗanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da su don wannan zogi a 2004, suna rage raɗaɗi ne ga wasu majinyata, ba sa ɗinke jijiya.

Duk da haka ba a yar da ɓera ba, gyara ma'auni aka yi. A 2010 ƙungiyar Jeffrey Mogil a Kanada ta fitar da hanyar karanta zogi daga fuskar ƙaramin ɓera, ta duban runtsewar ido da kwanciyar kunne da tsayuwar gashin baki. An kuma koma ƙirga ƙananan zarurrukan jijiya a ɗan yankin fatar tafi, awon da ake iya yi wa mutum da ɓera iri ɗaya. A 2014 masanan Turai masu nazarin wannan cuta suka buga matsaya cewa kada a ce ɓera yana da lalacewar jijiya sai an sami tawaya a abu 2 daga cikin 3: halin da yake nunawa in an taɓa shi, gudun saƙo a jijiyarsa, da kuma surar jijiyar kanta.